Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Katin Inshorar Lafiya na Tsofaffi a Gana

Wani daren Asabar, cikin damina, aka kawo mana wani dattijo a bayan babur mai ƙafa uku, kwance a kan tabarma. Fitsarinsa ya tsaya tun safe, mararsa ta kumbura ta yi tauri. Muka sa masa roba, fitsari ya zubo, ya yi ajiyar zuciya ya ce mini, "'Yata, Allah ya yi miki albarka." Muka kwantar da shi, domin akwai zazzaɓi a jikinsa.

Da gari ya waye, ɗansa ya ciro katin inshora daga cikin leda, a naɗe tsaf, ko datti babu. Da aka duba, sai aka ga inshorar ta mutu tun shekara biyu da suka wuce. Ɗan ya ce, "Ai Baba ya haura saba'in, an ce su kyauta ne." Aka sake dubawa. A rubuce, shekarun Baba 66 ne. Shi kuwa yana ba mu labarin yadda yana yaro mai kiwon awaki aka yi kiɗa da rawa a garinsu ranar da Gana ta sami 'yancin kai. Ranar da aka yi masa rajista, wani ne ya dubi fuskarsa ya yanka masa shekaru, ba wanda ya kula.

Mun yi masa magani, ya warke, ya koma gida da ƙafarsa. Amma sai da aka sayar da awaki biyu da aka ajiye domin kuɗin taki kafin a biya kuɗin asibiti. Gwamnati ta riga ta ba wannan dattijo haƙƙin magani, amma abu biyu suka raba shi da haƙƙinsa: katin da ya mutu, da shekarun da aka rubuta ba daidai ba. Wannan ɗan littafi domin ku ne, ku da kuke da tsoho ko tsohuwa a gida, da ku iyayenmu da za a karanta muku. Ku saurara har ƙarshe, domin kada abin da ya sami wannan gida ya sami naku.

Mene ne wannan inshora?

Manyanmu suna tunawa da zamanin da sai ka ajiye kuɗi a kan tebur kafin a taɓa ka a asibiti. Mutane da yawa sun mutu a gida a lokacin, domin babu abin biya. A shekarar 2003, zamanin shugaba Kufuor, aka yi dokar da ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, wadda kowa ya sani da suna NHIS. A shekarar 2012 aka yi sabuwar doka wadda ta haɗa ƙananan inshorori na gundumomi suka zama ɗaya a ƙarƙashin hukuma guda, wato NHIA. Saboda haka katin da aka yi a Bawku yana aiki a Tamale, yana aiki a Kumasi, yana aiki a Ankara, muddin asibitin yana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Asibitocin gwamnati suna ciki, asibitocin mishan ma suna ciki.

Wasu tsofaffi sukan ji kunya, su ce ba sa son maganin sadaka. Baba, Mama, wannan ba sadaka ba ce. Mafi yawan kuɗin inshorar yana fitowa ne daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka. Duk ranar da kuka sayi sabulu a kanti, ko siminti, ko katin waya, kun zuba naku. Ana kuma cire kashi 2.5 daga abin da ma'aikata suke zubawa a asusun fansho na SSNIT. Shekara da shekaru kuna zubawa a wannan rumbu. Idan kun ɗiba yau, naku kuka ɗiba.

Wane tsoho ne ba ya biya?

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Furfura kaɗai ba ta isa ba. Ga yadda doka ta raba abin.

Na fari, duk wanda ya cika shekara 70, namiji ko mace, manomi ko ɗan kasuwa, ba ya biyan kuɗin shekara. Tun ƙarshen shekarar 2022 kuma hukumar ta ɗauke wa masu shekara 70 ɗan kuɗin rajista, ta ɗauke musu jiran wata guda da sabon mai kati yakan yi kafin katinsa ya fara aiki.

Na biyu, wanda yake karɓar fanshon SSNIT, ko da bai kai 70 ba, ba ya biyan kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin rajista ko na sabuntawa. Tsofaffin malaman makaranta da sauran waɗanda suka yi aikin albashi da yawa suna cikin wannan. Su tafi da lambarsu ta SSNIT.

Na uku, wanda yake cikin shirin LEAP, wato tallafin kuɗi da gwamnati ta fara bai wa gidajen da talauci ya yi wa katutu tun shekarar 2008. Tsoho mai shekara 65 zuwa sama wanda ba shi da mai kula da shi yana cikin waɗanda aka yi shirin dominsu. Wanda sunansa yake cikin LEAP ana yi masa katin inshora kyauta.

Na huɗu, matalaucin da ba shi da komai, ba shi da kowa. Ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ne yake tantance irin waɗannan. Idan akwai gwauruwa ko makaho irin haka a unguwarku, kada ku jira ta kai kanta. Ku gaya wa wakilinku na majalisar gunduma, ko fasto, ko limami, a raka ta ofishin.

Sauran fa? Manomi mai shekara 62, ko mai sayar da koko mai shekara 68, wadda ba ta fansho, ba ta cikin LEAP, za ta biya kuɗin shekara kamar kowane baligi. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Kuɗin shekara guda bai kai kuɗin zabuwa ɗaya a kasuwa ba. Kuma waɗannan shekaru, daga 60 zuwa 69, lokaci ne da hawan jini da ciwon sukari suke yawan bayyana. Wanda ya ce zai jira sai ya cika 70 kafin ya yi kati, yana iya shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai.

Maganar shekaru

Yawancin iyayenmu an haife su a gida, ba takarda. Ofishin inshora kuwa ba ya duban haƙora ko furfura, abin da ke rubuce yake bi. Yanzu shaidar da aka fi dogara da ita ita ce Katin Gana, wanda hukumar NIA take bayarwa. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ku ajiye littafin nan, ku ɗauko Katin Gana na tsohonku ku duba shekarar haihuwar da aka sa masa.

Ga abin da zai taimake ku lissafi. Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Duk wanda aka haifa kafin wannan rana, ya kai 70 ko yana bakin ƙofa. A shekarar 1965 aka daina kashe fam da sule aka koma sidi. A watan Fabrairu 1966 sojoji suka hamɓarar da Nkrumah. Ku tambayi Baba ko Mama, "Ina kike a lokacin? Kin isa ɗaukar ruwa? Kin yi aure?" Amsar za ta nuna muku ko abin da ke jikin katin yana kusa da gaskiya.

Idan kun ga kuskure ne babba, ku je ofishin NIA na gundumarku da duk tsohuwar takardar da kuke da ita: takardar haihuwa, takardar baftisma, tsohon katin zaɓe, takardar makaranta ko ta aiki. Ofishin ne zai duba ya ga wadda zai karɓa. Gyaran yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake fara shi tun ana lafiya. Kafin gyaran ya fito, ku biya kuɗin shekara katin ya ci gaba da aiki. Kuma ina roƙonku, kada kowa ya ƙara wa kansa shekaru don ya tsere wa biya. Ban da cewa ƙarya ce, likita yana duban shekaru kafin ya auna wa mutum magani.

Yadda ake rajista

Wanda bai taɓa yin kati ba, ya je ofishin NHIS na gundumarsa da kansa, domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ya riƙe Katin Gana, da lambar wayar da ake samun sa ko ɗansa a kai. Mai fansho ya ƙara da lambar SSNIT, mai LEAP ya ƙara da katinsa na LEAP. Ku yi sammako, ku riƙe ruwa da ɗan abinci, kuma ku gaya wa ma'aikata cewa da tsoho kuka zo. Wani lokaci ma'aikatan ofishin sukan fito ƙauyuka su yi rajista a makaranta ko a ƙofar sarki. Idan kun ji sanarwa a rediyo ko a majami'a, ku kai tsofaffin da ba sa iya doguwar tafiya. Mai babbar waya da Katin Gana yana iya yin rajista ta manhajar MyNHIS, idan akwai jika mai ilimin waya a gida.

Wanda bai kai 70 ba ya sani cewa sabon kati yakan jira wata guda kafin ya fara aiki. Wato in ciwo ya kama ka yau ka ruga ka yi kati gobe, ba zai biya maka wannan ciwon ba.

Kati yana mutuwa

Wannan shi ne babban abin da nake so ku riƙe. Robar katin takan yi shekara 5, amma inshorar da ke cikinta ta shekara ɗaya ce. Kowace shekara sai an sabunta, har da na mai shekara 90 wanda ba ya biyan ko kwabo. "Kyauta" ba ta nufin "har abada". Kati yana iya zama sabo fil a ido, alhali a cikin na'ura ya daɗe da mutuwa.

Tun watan Disamba 2018 ba sai an je ofis ba. Da kowace irin waya, ko ƙarama mai maɓalli, a danna *929# a kira. Rubutu zai fito da Turanci, don haka a sami mai karantawa kusa. A ciki akwai wurin duba ko inshorar tana da rai da ranar da za ta ƙare, akwai wurin sabuntawa, akwai kuma wurin haɗa katin inshora da Katin Gana. A sa lambar da ke jikin katin a hankali, a duba sunan da ya fito ko na mai katin ne. In akwai abin biya, daga MoMo za a cire, kuma ana iya biya daga wayar kowa. Ɗan da yake aiki a Kumasi yana iya sabunta wa uwarsa da ke ƙauye ba tare da ya hau mota ba. Idan an haɗa katunan biyu, Katin Gana kaɗai ya isa a nuna a asibiti.

Ku sabunta kafin ranar ta cika. Wanda bai kai 70 ba, in ya bar katinsa a mace fiye da wata 3, zai sake jiran wata guda kamar sabon shiga. Ku rubuta ranar ƙarewar a bango, ko a jikin kalandar majami'a, ko a bayan wannan littafi.

Ku yi hankali da 'yan damfara. Ma'aikacin inshora ba zai kira ku ya nemi lambar sirri ta MoMo ba. Duk wanda ya nema, ku kashe wayar.

Abin da katin yake biya

Hukumar ta ce katin ya ɗauki kusan kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da ake fama da su a Gana. Ga waɗanda suka fi damun tsofaffi: ganin likita, gwajin jini da na fitsari, zazzaɓin cizon sauro, tari da ciwon ƙirji, gudawa, gyambon ciki, asma, hawan jini, ciwon sukari, kwanciya a ɗakin marasa lafiya na kowa da kowa, aikin ƙaba da gwaiwa, cire haƙori, auna ido, aikin cire yanar ido, sankarar mama da sankarar bakin mahaifa, da taimakon gaggawa. Yana biyan magungunan da ke cikin jerin da hukumar ta tsara.

Ku tsaya a kan biyu daga ciki. Tsofaffi da yawa suna zaune a ɗaki, jika yana jan su da sanda, alhali yana ce kawai ta rufe musu ido, aikin da ake gamawa cikin ɗan lokaci, katin kuma yana biya. Sannan hawan jini: ba ya ciwo, ba ya sallama, maganinsa kuma kullum ake sha har ƙarshen rai. Mai kati mai rai yana zuwa a auna shi a ba shi magani a kan lokaci. Mai mataccen kati yakan sha na wata ɗaya ya bari, sai ranar da aka kawo shi baki a karkace.

Ku fara daga kusa, wato asibitin CHPS na ƙauyenku ko ƙaramin asibiti. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba ku takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga can kuma zuwa babba kamar Asibitin Koyarwa na Tamale. Ku adana wannan takarda kamar kuɗi. In ciwon gaggawa ne, ku nufi asibitin da ya fi kusa kai tsaye.

Idan aka ce ku biya wani abu alhali katinku yana da rai, ku tambaya cikin ladabi, "Wannan ba ya cikin inshora ne?" Ku karɓi rasit. In ba ku gamsu ba, ku kai rasit ɗin ofishin NHIS na gunduma. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Abin da katin ba ya biya

Gara ku ji daga bakina yau da ku ji a gaban mai karɓar kuɗi. Katin zai biya a auna idonku, amma ba ya sayen tabarau. Zai biya a cire haƙori, amma ba ya sayen haƙoran roba. Ba ya sayen na'urar ƙara ji, ko ƙafar roba. Ba ya biyan maganin da ba ya cikin jerin hukuma, ko ɗaki na musamman, ko magani a ƙasar waje, ko dashen ƙoda, ko aikin zuciya da na ƙwaƙwalwa in ba haɗari ne ya jawo su ba. Yawancin sauran ciwon daji na manya ba sa ciki. Ba ya biyan ɗakin ajiye gawa. Ba ya biyan kuɗin mota zuwa asibiti, ko abincin mai jinya.

Jerin yakan canja. A shekarar 2024 hukumar ta fara biyan wankin ƙoda a wasu manyan asibitocin da ta amince da su. A shekarar 2025 kuma gwamnati ta kafa wani asusu dabam, wanda ake kira MahamaCares, domin cututtuka masu daɗewa da tsada irin su ciwon daji da ciwon ƙoda da na zuciya. Idan an tura ku babban asibiti da irin wannan ciwo, ku tambayi likitan da ke duba ku game da shi.

Da me za a cike giɓin?

Doka ta yarda mutum ya ƙara inshorar kamfani a kan ta gwamnati. Waɗannan kamfanoni sai da lasisin NHIA suke aiki. Kuɗinsu ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba, kuma yawancin masu ita ma'aikatan birni ne. Idan ɗanku yana so ya saya muku, ya yi tambaya huɗu kafin ya biya: Kuna da lasisi? Kuna karɓar mai shekarun mahaifina? Kuna biyan ciwon da yake da shi tun kafin ya shiga? Wane asibiti ne kusa da ƙauyenmu yake karɓar katinku? In ba a sami amsa a rubuce ba, ya riƙe kuɗinsa. Ko an sami ta kamfani, kada a bar ta gwamnati ta mutu.

Ga yawancinmu a ƙauye, inshora ta biyu tana cikin gida ne. Bayan girbi, a ware buhu ɗaya na masara ko waken suya, ko akuya ɗaya, a ce wannan na lafiyar Baba da Mama ne, ba na biki ba, ba na jana'iza ba. 'Ya'yan da ke birni su riƙa aiko da ɗan abu kowane wata a hannun mutum ɗaya amintacce. Da yayyafi kogi kan cika. Matan da ke adashi, wato susu, su buɗe ɗan akwati na biyu domin ciwo. Muna kashe dukiya mai yawa ranar binne tsofaffinmu. Kaɗan daga cikinta, da an fitar tun suna da rai, da ta saya musu tabarau sun ga jikokinsu.

Aikin ikilisiya

Doka ta huɗu da muka koya a katekisma a kan iyaye take, maƙwabtanmu Musulmi ma abin da addininsu ya koya musu ke nan. Girmama iyaye ya haɗa da duba katinsu. Ina ba dattawan ikilisiya da zumuntar mata shawara: ku zaɓi Lahadi ɗaya bayan girbi, lokacin da akwai ɗan kuɗi a hannu. Ku sanar kowane tsoho ya zo da katinsa. Bayan sujada matasa biyu ko uku masu waya su zauna a inuwa su danna *929#, su duba na kowa, su rubuta suna da ranar ƙarewa a littafi guda. Wanda nasa ya mutu a sabunta nan take. Wanda bai da shi a sa ranar kai shi ofis. Wanda ya kasa biya, baikon taimako ya biya masa. Ku gayyaci tsofaffin unguwa duka, ba na majami'a kaɗai ba, domin ciwo ba ya tambayar addini.

Dattijon nan da na ba ku labarinsa yana zuwa wurinmu har yanzu, ana duba shi ana ba shi magani. Jikarsa ce take riƙe da katin, ita ce kuma ta rubuta ranar sabuntawa da gawayi a bayan ƙofar ɗakinsa. Ku ma ku tashi yanzu ku ɗauko katin tsohonku. Ku duba shekarunsa, ku duba ko yana da rai. In akwai abin da ba ku gane ba, ku zo da katin asibiti ku tambayi kowace nas, za mu duba tare.

Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai, ya ba mu ikon riƙe su da kyau. Amin.